Fashin Baƙi: Wa Ke Tsara Kwas a Jami'a, Kuma Wa Ke Rubuta Yadda Aka Koyar da Shi?

Wa ke da ikon cewa ga abin da za a koya wa ɗalibin jami'a: hukumar da ke zaune a Abuja, ko malaman da ke tsayawa gaban allo a Birnin Kebbi da Aliero da Zuru? Tambayar ta sake tasowa tun lokacin da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhajar da ake kira CCMAS a watan Disamba na 2022, aka kuma umarci jami'o'i su soma aiki da ita daga shekarar karatu ta 2023/2024. Tun daga nan ake jin maganganu iri-iri a bakin iyaye da ɗalibai. Wani ya ce an canza komai, har digirin waɗanda suka riga suka gama ya rage daraja. Wani ya ce gwamnati ta ƙwace wa malamai aikinsu. Wani kuma ya ɗauka cewa tunda an buga sabon kundi, to koyarwa ta gyaru ke nan. Kowace magana daga cikinsu ta taɓa wani gefe na gaskiya ta bar sauran, kuma dukkansu sun tsallake abin da ni nake ganin ya fi nauyi, wato ko akwai wanda ke rubuta abin da ya auku a aji bayan an gama rubuta abin da ya kamata ya auku.

Manhaja, kwas da yunit

Ruɗanin yana farawa daga kalmar "kwas" kanta, domin muna amfani da ita a wuri biyu. Idan uba ya tambayi ɗansa wane kwas aka ba shi, yana nufin fannin da zai yi digiri a kansa, kamar lissafi ko shari'a ko aikin gona. Idan kuma ɗalibi ya ce ya faɗi kwas biyu, yana nufin ɗaiɗaikun darussan da ake ɗauka a zango guda, kowanne da lambarsa da sunansa da malaminsa. Ma'ana ta biyu nake nufi a wannan rubutu. Manhaja kuwa ita ce jimillar waɗannan darussa da yadda aka jera su daga aji ɗaya zuwa ajin ƙarshe, tare da sharuɗɗan shiga da na kammalawa.

Ana auna nauyin kowane kwas da yunit. A ƙa'idar NUC, yunit ɗaya shi ne awa ɗaya na lakca a kowane mako har tsawon makonni 15, ko kuma awa uku a mako idan aikin ɗakin gwaje-gwaje ne ko na gona. Ke nan kwas mai yunit biyu alkawari ne na awa 30 tsakanin malami da ɗalibansa. Digirin shekara huɗu yana buƙatar aƙalla yunit 120. Yana da kyau mai karatu ya riƙe waɗannan lambobi, saboda a kansu duk rigimar take tafiya.

Yadda aka zo nan

An kafa NUC a 1962 a matsayin ofishin ba gwamnati shawara, ta zama hukuma mai dokar kanta a 1974. Ikon da take amfani da shi yau ya samo asali daga dokar soja mai lamba 16 ta 1985, wadda ta ba ta hurumin gindaya mafi ƙarancin matakin da kowace jami'a za ta cika da kuma tantance fannonin da ake koyarwa. Da wannan iko ta fitar da kundin farko a 1989, sannan ta maye gurbinsa da wanda ake kira BMAS a 2007. Jami'o'in tarayya na Birnin Kebbi da Gusau, waɗanda aka kafa a 2013, a kan BMAS suka tashi, haka ma jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006, ta yi kusan duk rayuwarta a ƙarƙashinsa.

Kundin 2007 ya daɗe har duniya ta wuce shi a wasu fannoni, musamman na kwamfuta da sadarwa. CCMAS ta raba ilimin jami'a zuwa manyan rukunai 17, ta ware fannin kwamfuta ya tsaya da ƙafarsa, ta tsattsaga aikin jarida zuwa digirori daban-daban, ta kuma taƙaita darussan gama-gari da kowane ɗalibi ke yi, irin su Turanci da al'adun Najeriya da sasanta rikici da koyon sana'a, zuwa yunit 12. Babban sauyin da ya fi jan hankali shi ne rabon gado da aka yi: hukuma ta rubuta kashi 70 cikin 100 na manhajar kowane digiri, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da kanta. A digirin yunit 120, wannan na nufin 84 daga Abuja, 36 daga gida.

Game da tsoron cewa tsohon digiri ya rage daraja, babu abin damuwa. Darajar digiri tana rataye ne a kan ko fannin yana da amincewar hukuma a lokacin da aka yi shi, kuma canjin manhaja ba ya komawa baya ya soke abin da aka riga aka bayar.

Rigimar saba'in da talatin

Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, ƙarƙashin shugabanta na lokacin Farfesa Emmanuel Osodeke, ta fito a tsakiyar 2023 ta yi watsi da tsarin. Hujjarta ita ce dokar da ta kafa kowace jami'a ta damƙa al'amuran karatu a hannun majalisar malamanta, wadda ake kira Sanet, don haka idan wata hukuma daga waje ta rubuta kashi 70, majalisar ta koma 'yar kallo a gidanta. Ta kuma yi ƙorafin cewa an yi aikin daga sama zuwa ƙasa, kuma a wasu fannoni an zubar da darussan da masana ke ganin ginshiƙai ne. Hukumar ta mayar da martani da cewa doka ce ta ɗora mata wannan nauyi, cewa farfesoshin jami'o'in ne da kansu suka zauna suka rubuta kundin, kuma cewa tsohon tsari ma bai ware wa jami'o'i wani kaso a fili kamar haka ba.

A ganina kowane ɓangare yana da abin kamawa. Ƙasar da ke da jami'o'i sama da 200, wasu tsofaffi wasu kuma jiya aka buɗe su, tana buƙatar ma'auni guda, domin wanda ya yi digirin kimiyyar sinadarai a Kebbi ya iya zama kusa da wanda ya yi a Ibadan ba tare da an raina takardarsa ba. Ƙananan jami'o'i irin namu su ne suka fi cin moriyar wannan kariya. Haka kuma gaskiya ne cewa malamin da aka miƙo wa jerin batutuwa daga nesa, ba a tambaye shi ba, yakan koyar da su kamar mai isar da saƙon wani, kuma ɗalibai suna gane hakan tun a mako na biyu. Sai dai muhawarar ta tsaya a kan wa zai riƙe alƙalami, ba ta kai ga tambayar me za a yi da yunit 36 ɗin da aka riga aka sakar mana ba.

Me Kebbi za ta zuba a nata kason

Yunit 36 ba ƙaramin fili ba ne, domin ya kai kwas 18 masu yunit biyu-biyu, wato ya haura nauyin mafi ƙarancin karatun shekara guda. Hukumar ta nemi kowane kwas da jami'a za ta ƙirƙira ya zo da bayanin dalilin da ya sa ya dace da muhallinta da manufarta, da abin da ɗalibi zai iya yi bayan ya gama, da batutuwan da za a bi, kuma majalisar malamai ta amince da shi.

Jihar Kebbi ba ta rasa abin zubawa ba. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na Babban Bankin Najeriya a watan Nuwamba na 2015, kuma abin da ya biyo baya, daga bunƙasar noman rani a fadamu zuwa matsalar biyan bashi da ambaliyar 2020 da ta cinye gonaki masu yawa, darasi ne cikakke ga ɗalibin tattalin arziki da na aikin gona. Aliero gari ne da aka sani da albasa a faɗin ƙasar nan, kuma duk manomin albasa ya san asarar da ake tafkawa a wajen ajiya kafin farashi ya tashi. Jami'ar kimiyya da ke zaune a tsakiyar wannan gari tana da dalilin da ya fi na kowa na koyar da kimiyyar adana amfanin gona. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a 2016, yana ɗauke da ilimin Sarkawa game da ruwa da kifi da hana kamu na wani lokaci don kifi ya hayayyafa. Akwai haƙar zinari a ƙasar Yawuri da abin da take yi wa ƙasa da lafiyar mutane, kuma maƙwabciyarmu Zamfara ta ga yadda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a 2010. Akwai harsunan ƙasar Zuru da na bakin kogin Neja da ke jiran masu nazari, ga kuma cinikin kan iyaka ta Kamba.

Hatsarin shi ne a cike gurbin da gaggawa. Idan wa'adi ya matso, hanya mafi sauƙi ga sashe ita ce ya kwaso tsofaffin darussan da sabon kundi ya zubar, ya sake musu lamba, ko kuma ya aro abin da wata jami'a ta rubuta ya canza sunan gari. Mayar da wasu tsofaffin darussa ba laifi ba ne idan da gaske ginshiƙai ne. Amma kwas a kan albasar Aliero ba ya rubutuwa a mako guda daga cikin ofis. Yana buƙatar malamin da ya je rumbunan ajiya, ya zauna da manoma da dillalai, ya gwada koyar da abin da ya samo, ya ga inda ɗalibai suka gane da inda suka ɓace, sannan ya gyara. Babu littafin da aka buga a Landan ko Legas da zai yi masa wannan aiki, saboda haka abin da ya rubuta da hannunsa shi ne kaɗai littafin kwas ɗin.

Tazara tsakanin takarda da aji

Kowane kwas yana rayuwa sau uku: yadda aka rubuta shi, yadda aka koyar da shi, da abin da ya zauna a kan ɗalibi. Tsakanin na farko da na biyu akwai rata mai faɗi, kuma duk wanda ya taɓa koyarwa ya san dalilanta. Makonni 15 da ke takarda sukan ragu saboda jinkirin rajista, da hutun da ya faɗo a tsakiya, da ɗakin lakca da aka ba aji biyu a lokaci guda. Idan zango ya koma mako goma, awa 30 ta koma 20, dole malami ya zaɓi abin da zai bari. Bayan yajin aikin 2020 da na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, jami'o'i da dama sun matse zangunansu don su cimma kalanda, kuma batutuwan ƙarshen kowane kwas su ne suka sha wuya. Ga kuma yawan ɗalibai: ƙa'idar hukuma ita ce malami ɗaya ga ɗalibai 30 a fannonin adabi da zamantakewa, 20 a kimiyya, 15 a aikin gona, alhali darussan gama-gari na aji ɗaya sukan tara ɗaruruwa a zaure guda, inda na baya ba ya jin muryar malami idan babu wuta.

Zaɓin da malami ke yi a irin wannan hali yana da sakamako mai nisa. Idan malamin lissafin aji ɗaya ya tsallake babi biyu na ƙarshe bai gaya wa kowa ba, malamin aji biyu zai gina a kan tubalin da ba a aza ba, ɗalibai su zube, a ce ba su da ƙoƙari. A takarda komai daidai yake, domin an koyar da kwas, an yi jarrabawa, an fitar da sakamako.

Na taɓa gadon wani kwas a wata jami'a bayan malamin da ya shekara da shekaru yana koyar da shi ya tafi ƙaro karatu. Abin da na tarar shi ne sakin layi guda a kundin sashe da takardun jarrabawa na shekaru biyu. Mutumin ƙwararre ne, tsofaffin ɗalibansa suna yabon yadda yake warware batutuwa masu wuya, amma duk wannan ya tafi da shi a ƙirjinsa. Sai da na nemi littafin rubutun wata ɗaliba da ta riga ta wuce ajin, na bi shi shafi-shafi, kafin na gane tsarin da yake bi da kuma dalilin da ya sa yake gabatar da wani babi kafin wani. Na shafe zango biyu ina maimaita kurakuran da na tabbata shi ya daɗe da gano maganinsu, kuma ɗaliban waɗannan zanguna biyu su ne suka biya kuɗin koyona.

Kundin kwas

Maganin wannan ba sabon abu ba ne, kuma ba ya cin kuɗi. Shi ne kowane kwas ya kasance da kundinsa a sashe, a takarda ko a kwamfuta, wanda ke bin kwas ɗin ko da malami ya canza. Kashin farko na kundin ana rubuta shi kafin zango ya fara: abin da ake so ɗalibi ya iya yi a ƙarshe, jadawalin mako-mako, littattafan da za a iya samu a zahiri, da yadda za a raba maki tsakanin gwajin cikin zango, wanda yawanci ke ɗaukar 30, da jarrabawar ƙarshe mai 70. A nan ma akwai dabara. "Ɗalibi zai san cututtukan albasa" magana ce da ba ta aunuwa, amma "ɗalibi zai iya duba ganyen albasa ya bambanta cutar da danshi ya kawo da ɓarnar ƙwari" tana gaya wa malami irin tambayar da zai yi da kuma cewa dole ajin ya taka zuwa gona.

Kashi na biyu shi ne wanda aka fi sakaci da shi, kuma shi ya fi amfani. Bayan an gama duba takardu, malami ya zauna ya rubuta shafi biyu ko uku na gaskiya: makonni nawa aka samu, wane babi aka bari da dalili, wace tambaya ce mafi yawan ɗalibai suka faɗi, wane misali ne ya buɗe musu kai, me ɗalibai suka ce da aka tambaye su ba tare da sun rubuta sunansu ba, kuma me zai canza baɗi. Idan malami ya lura cewa bayanin minti biyar da Hausa ya warware abin da awa guda na Turanci ya kasa, wannan ma abin rubutawa ne, domin yana nuna cewa matsalar ta harshe ce, kuma wanda zai gaje shi yana da haƙƙin sanin haka.

Mutanen ƙasar Gwandu ba baƙi ba ne ga wannan al'ada. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusukhi, inda ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta a gaban kowannensu, kuma saboda wannan ɗan ƙaramin littafi ne masu bincike a yau suke iya sanin manhajar da ta tarbiyyantar da malaman jihadi sama da shekara 200 da suka wuce. Abin baƙin ciki ne a ce muna iya faɗin abin da aka karanta a zauren karatu na wancan zamani, amma mu kasa faɗin abin da aka koyar a wani ɗakin lakca shekara biyar baya.

Akwai dalilan da ke hana malamai yin wannan, kuma ba lalaci ba ne kawai. Ƙarin girma a jami'a ya fi dogara ga maƙalun da aka wallafa, don haka awannin da malami ya kashe yana gyara kwas ba sa ƙara masa komai a gaban kwamitin ƙarin girma. Wanda ke ɗauke da kwas biyar ko shida, da ɗaruruwan takardun dubawa, da albashin da ba ya kai ƙarshen wata, ba zai yi marmarin ƙarin rubutu ba. Sannan akwai tsoro na gaske, domin wanda ya rubuta cewa bai gama manhaja ba yana iya ganin an juya maganarsa ta zama takardar tuhuma. Muddin shugaban sashe zai yi amfani da kundin don kama laifi, to abin da zai samu shi ne rahoton da ke cewa komai lafiya. Akwai kuma masu ɓoye bayanansu saboda sayar da takardun lakca ga ɗalibai, al'adar da jami'o'i da yawa suka haramta amma ba ta mutu ba.

Inda abin ya shafi ɗalibi da iyayensa

Tawagar NUC takan ziyarci kowane fanni don tantancewa. Wanda ya cika sharuɗɗa yana samun cikakkiyar amincewa ta shekara biyar, wanda ya gaza kaɗan ya sami ta wucin gadi ta shekara biyu, wanda aka hana kuwa a dakatar da ɗaukar sababbin ɗalibai a cikinsa. Daga cikin abin da masu tantancewa ke dubawa akwai manhaja, da tambayoyin jarrabawa, da tsarin ba da maki, da rahoton mai duba jarrabawa daga wata jami'a. Sashen da ba ya ajiye tarihin darussansa yakan kwana yana harhaɗa fayiloli ana saura mako guda baƙi su iso, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Uban da ya sayar da buhunan shinkafa ya biya kuɗin rajista yana da ruwa da tsaki a wannan, tunda makomar takardar ɗansa tana cikin waɗannan fayiloli.

Ga ɗalibi kuwa, amfanin ya fi kusa. Wanda aka ba jadawalin kwas a makon farko ya san abin da aka yi masa alkawari, yana iya shirya karatunsa, yana kuma iya tambaya cikin ladabi, ta bakin wakilin aji, idan an kai mako na goma ba a taɓa rabin batutuwan ba. Wanda ya faɗi kwas ya dawo maimaitawa a hannun sabon malami ba zai tarar da wani abu dabam da sunan kwas ɗaya ba. Wannan matsala ta ƙarshe ta ƙaru a shekarun sauyin nan, saboda an soma CCMAS da 'yan aji ɗaya yayin da na gaba da su suka ci gaba da tsohon tsari, kuma ɗalibin da ya bar kwas a baya yana iya dawowa ya tarar an canza masa lamba, ko an rage yunit ɗinsa, ko an haɗe shi da wani. Sashen da ya rubuta a fili wane tsohon kwas ne ya yi daidai da wane sabo, ya manna a allon sanarwa, ya tsare ɗalibansa daga ƙarin shekarar da ba su ci bashinta ba.

Rukunin farko da suka shiga da sabuwar manhaja a 2023/2024 za su kammala digirin shekara huɗu a wajajen 2027 idan kalanda ba ta sake tangarɗa ba. A lokacin ne majalisun malamai na Birnin Kebbi da Aliero da Zuru za su zauna su duba ko darussan da suka ƙirƙira na yunit 36 sun yi amfani, wanne za a riƙe, wanne za a gyara, wanne za a sauke. Abin da za su ɗora hukuncinsu a kai shi ne shafukan da malamai suka rubuta a ƙarshen kowane zango daga yanzu zuwa ranar, idan an rubuta su.